Takardar da na yi wa hayaƙi

Assalamu alaikum warahmatullah, jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah a sakaya sunana, a Zangonmu na Kumasi ko tari mutum ya yi an san muryarsa. Ni dattijo ne, allo da Ajami na tashi da su, boko kuwa sai da furfura ta fito na koya, ku yi haƙuri da tsawon bayanina. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kafin Juma'a nake bukatarta.

Abin ya faro ne shekara goma sha tara da suka wuce, shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, gari ya dushe har muka fito muka yi salla a fili. A satin nan wani aminina ya same ni, zan kira shi Salisu, ba sunansa ba ne, maƙeri ne a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota. Ana rigima a lungunmu kan wani ƙaramin masallaci, wane gida ne ya kafa shi, domin gidan da ya kafa shi ne ke riƙe makulli ya kuma zaɓi liman. Salisu ya ce kakansu ne, wani gida na ƙabilar Moshi suka ce nasu kakan ne, kuma babu mai shaida sai baki. Sai ya ce in rubuta masa takarda da Ajami, kamar ta dā, cewa kakansu ya iso da ayarin goro daga Salaga ya aza tubalin farko.

Na ce a'uzubillahi. Bai yi gardama ba, sai ya tambaye ni wa ya wanke mahaifina. Shi ne. Lokacin da mahaifina ya rasu ina Tamale wajen karatu, ban iso ba sai bayan kwana uku, Salisu ne ya yi masa wanka, ya sa shi a likkafani, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Tun daga ranar ban taɓa iya ce masa a'a ba, kuma ya san haka.

To na rubuta. Amma ba rubutun ne ya fi ba ni ƙyama ba, takardar ce. Na san idan na yi a takardar zamani dattawa za su gane, sai na buɗe gafakar littafin da malamina ya bar mini, Allah ya jiƙansa, na zare farar takardar da ke ƙarshe, irin tsohuwar nan mai kauri wadda in ka ɗaga ta a haske za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta. Mutumin da ya koya mini riƙe alƙalami, da takardarsa na yi ƙarya. Na dama tawada, na fiƙe alƙalamin kara, na sauya hannu na rubuta layi tara, na rataye ta a saman murhu kwana biyu ta sha hayaƙi, na shafa mata ruwan goro a gefe. Salisu ya cusa ta cikin littattafan kakansa, bayan wata guda ya ce ya tsinta. Aka kira ni in karanta wa jama'a, na karanta rubutun hannuna ina gyaɗa kai kamar ranar na fara ganinsa. Mutanen Moshi suka ce tunda rubutu ya fito sun sallama, suka miƙa makulli. Har yau dattijonsu a sahun farko yake salla, in ya ba ni hannu sai in ji kamar na taka kashi ba takalmi.

Salisu yana da 'ya, in kira ta Rabi, a hannuna ta sauke Alƙur'ani, ni na koya mata Ajami. Allah ya buɗa mata, yanzu tana ƙasar Norwe tana digiri na uku kan binciken kayan tarihi da ake tonowa a ƙasa. Ta zo hutu watan jiya. Ranar Lahadi bayan la'asar muna zaune a tsakar gidansu, sai ta ɗauko mana labarin mutanen can na dā, waɗanda ta ce ana kira Baikin, masu jiragen katako. Wai an daɗe ana musu ko sun haye teku sun zauna a Amurka tun kimanin shekara dubu da suka wuce. Ta ce abu biyu ake nunawa. Akwai wani wuri a gaɓar Kanada da aka tona aka samu gurbin ɗakuna, da ƙusoshin ƙarfe na gyaran jirgi, da ɗan dutsen mazari na kaɗi. Akwai kuma wani dutse mai rubutunsu da wani manomi ya ce ya tono a gonarsa can tsakiyar Amurka, mafi yawan masana sun ce sabon sassaƙa ne, amma mutanen yankin har gobe wasunsu ba su yarda ba.

Salisu ya ce shi dutsen ya gaskata, rubutu ai rubutu ne, ƙusa kuwa shi ma yana zubar da ɗari a rana, wa ya san mai ita. Suka yi ta yi, uba da 'ya, har ya ce mata Turawa sun ɗaure mata kai da sanyi. Ta yi dariya ta ce, "Baba, wanda ya yar da ƙusa bai yar da ita don ya burge kowa ba, ta faɗi ne kawai. Shi kuwa rubutun da ya fito daidai lokacin da ake nemansa, yana faɗin daidai abin da ake so a ji, shi ake fara tuhuma." Ta juyo gare ni ta ce, "Ko ba haka ba, Baba Malam?" Na ce haka ne 'yata.

Sai ta faɗi abin da ya hana ni sukuni. Wai malamanta sun amince ta yi wani babi a littafin digirinta kan yadda Hausawa suka zauna a Kumasi, kuma takardar kakansu ce za ta zama ginshiƙinsa, ta riga ta nuna musu hotonta sun yi murna. Ta ce ita ba ta shakkar wannan, domin takardar tsohuwa ce ta gaske, kuma Baba Malam ne da kansa ya karanta ya tabbatar. Wato ni ne shaidarta. Yarinyar da ta iya tuhumar dutse a wata duniya, ba ta tuhumi takardar gidansu ba saboda ta yarda da ni. Sannan ta ce ranar Juma'a bayan an sauko za ta zo ta ɗauki hoton littattafaina duka, har da na malamina.

Da na koma gida na buɗe littafin. Akwai ramin ƙwaro guda uku a kusurwar ƙasa, sun huda takardu goma sha na ƙarshe, wuri ɗaya, kamar an soka tsinke. Takardar da na zare ita ma tana da su. In ta jera hotunan biyu ko yaro zai gani. In ita ba ta gani ba, wani a can zai gani wata rana, a gaban mutane, sunanta na kan aikin.

Jiya na hau trotro, motar hayarmu ta nan, na sami Salisu a Magazine, na ja shi bayan wata motar da aka kwance. Na ce masa zan faɗa mata. Ya ce in ɓoye littafin kawai, in ce gara ta cinye. Na ce na yi wa malamina sata sau ɗaya, ba zan ƙara masa da ƙarya ba. Ya ce masallacin fa, makullin fa, da wane ido zai kalli mutanen Moshi. Na ce da idon da nake kallonsu shekara goma sha tara. Ya tashi da faɗa, ya ce ni munafuki ne, tsoron Allahn nawa bai motsa ba sai da ƙwaro ya tona. Wallahi wannan ta shige ni, domin gaskiya ce, kuma ita ce ta fi komai sa ni ƙyamar kaina. Daga nan sai ya koma kan maganar da ya saba, wa ya wanke mahaifina.

Wannan karon na amsa. Na ce kai ne, Allah ya saka maka, amma ka wanke shi sau ɗaya, ni kuwa na ɗauki dauɗarka shekara goma sha tara, in akwai saura ka faɗa in ji. Ya daɗe yana murza tsumman mai a hannu. Can ya ce, "Babu saura, Malam. Na sauke maka. Ba zan sake ambaton mahaifinka ba sai da addu'a." Ya ce ba zai hana ni ba, amma shi bakinsa ba zai iya faɗa mata ba. Muka yi musafaha, ya bar mini baƙin mai a tafin hannu.

Tsakanina da Salisu an gama, saura Rabi. Jama'a, in kira ta kafin Juma'a in faɗa mata da bakina cewa Baba Malam ɗinta ne manomin da ya sassaƙa dutsen? Ko in yi shiru in buɗe mata littafin a daidai shafin, in bar ta ta gani da idonta kamar yadda aka koya mata? Kuma in na faɗa, in ce ubanta ne ya sa ni, ko in ɗauka ni kaɗai don kada ta rasa mu duka biyu rana ɗaya? Littafin yana nan gabana a buɗe, ban mayar da shi gafaka ba. Ku gaya mini ta ina zan fara.