Tsohon Zanen Zumunta na Inna

Zuwa ga Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kuna lafiya a Kaduna, ke da maigida da yara, Allah ya ci gaba da tsare ku. Mu nan Gashuwa lafiya lau, ruwa ya ja baya a fadama, har an fara yankan shinkafa. Inna ma da sauƙi, sai dai ciwon gwiwar nan.

Yaya, kunya ce ta sa na ɗauki biro na bar waya, don bakina ba zai iya faɗa ba. Lahadin da ta wuce aka yi sujadar sabunta alkawari, matan zumunta na cocin Nguru suka kawo mana ziyara. Kin san bana aka ba ni shugabancin zumunta, ni kuwa kai ya kumbura, na sa kowa ta ɗinka sabon anko. Na kai wa Inna nata har ɗaki, amma da safe sai ga ta cikin tsohon zanen zumuntarta, wanda ya koɗe har rubutun jikinsa ba ya karantuwa. Na tare ta a ƙofar coci, na ce ta zauna a bencin baya kada ta ɓata mana layi a gaban baƙi. Ta je ta zauna.

Fasto ya yi wa'azi cewa Allah ba ya mance alkawarinsa ko da mu mun mance namu, ya ce duk mai son sabunta nasa ya fito gaba. Muka fita reras cikin sabon anko. Ina waiwayawa na ga Inna ta miƙe da sandarta za ta taho, sai idonta ya faɗa a kaina. Komawa ta yi ta zauna, Yaya.

A gida na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, cikin zanen nan ta ɗauki alkawarinta tun ba a haife ni ba, shi ya sa ta so ta sabunta shi a cikinsa. Jiya kuma ta ce daga yanzu a ɗaki za ta riƙa addu'arta, kada ta ƙara ba ni kunya. Don Allah ki kira ta, tana jin maganarki.

Ki gaishe mini da Baban Nabila, da Nabila, da Bappayo. Ku sa ni cikin addu'a. Ni dai na fita gaba ran nan, amma har yau ban san abin da na sabunta ba.

Ƙanwarki,
Mairam