Ƙofar da Ba Ta San Fuskata Ba

São Paulo, 9 ga Maris

Mama, a sa mini albarka.

Yaya ƙafar taki? Edvaldo yana kai ki asibiti kuwa? A gaida Kaka Zulmira.

Ni lafiya lau. Kamfaninmu ya sa sabuwar ƙofa mai buɗewa idan ta ga fuskar ma'aikaci. Cikin injiniyoyi ni kaɗai ba ta ganewa, don da hotunan fararen fata aka koyar da ita. Kullum maigadi Genival ke buɗe mini da makulli, yana dariya: "'Yar uwa, ni ma ba ta san ni ba."

Ni aka ba gyaranta. Na tambayi shugabanmu dalilin da Otávio, wanda ni na koya wa aiki, ya fi ni albashi. Ya ce sai baɗi. Haka ya ce bara. Kada ki damu, ina cin abinci.

Ki aiko mini da hotunan dangi, duk wanda ya yarda, har na bikin Edvaldo. Da su zan koyar da ita. Wata guda ya ishi ƙofar ta san darajata. Shugaban kam shekararmu huɗu.

'Yarki,
Jucélia