Hannun da Baba Ya Koyar

Yaya Lusungu,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya ƙalau, kada a sa damuwata a rai.

Har yanzu ina aikin tafkin gonar nan ta Magaliesburg. Baƙi kan kama manyan kifaye masu cin ciyawa da ƙugiya mai gashin tsuntsu, su ɗauki hoto, su mayar ruwa. Akwai wata tsohuwar kifanya mai suna Ouma, don ita ake zuwa.

Jiya wani baƙo ya kama ta, na ɗago ta da raga. Yaya, kafin in ankara na ƙwala mata sanda a ka, yadda Baba ya koya mana a Tafkin Malawi. Baƙon ya ce, "Wongani, me ka yi?"

Mai gona zai dawo ranar Juma'a, kuma ya san takardun zamana sun ƙare. Ko mota ta wuce sai gabana ya faɗi.

Ka turo mini lambar Kawu na Johannesburg. Kada Mama ta ji. A yi mini addu'a.

Na binne ta bayan rumbu. Kifin da zai ciyar da gidanmu kwana uku, ko ɗanɗanawa na kasa.

Ƙanenka,
Wongani