Gura Mai Baki Uku

Warra, farkon damina, 1992

Zuwa ga ƙanena Surajo, a Yelwa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mansura da yara. Ya ciwon gwiwa? Mu nan sai godiya.

Shekara ashirin da uku ke nan ina jin masunta na cewa gurar Surajo, ina haɗiyewa. Yau na gaji. Ka san yadda aka yi. Da ruwan Kainji ya cinye tsohon garinmu, gurar Baba mai baki ɗaya ta daina kama kifi, don tafki ba ya gudu, kifi ba ya bin hanya guda. Wata biyu muna cin miya lami. Ni na zauna ina kallon akurkin matata Hasiya, kaji na shiga ta ƙofa, suna shiga ta ɓarakar gefe, na ce ashe kifi ma haka zai yi. Na saƙa mai baki uku. Kana gefe kana dariya, ka kira ta hular mahaukaci. Da ta cika da karfasa, kai ka kai ta kasuwar Yelwa, ta dawo da sunanka.

Ban yi boko ba, amma idona bai taɓa hutu ba. Kai baki Allah Ya ba ka.

Na ji masu sabuwar jiha sun kira ka Birnin Kebbi ka nuna ta, za a raba wa masuntan Shanga. Mainasara mai jirgi ya kawo saƙonka na itacen geza, irin jan nan da na saba ba ka. Ga ɗauri goma, a saƙa lafiya.

Ka gaida gida.
Yayanka, Ɗangana

Warra, tsakiyar damina

Surajo,

Ina gaishe ka, ina kuma tambayar lafiyarka, don an ce kwana huɗu ba ka leƙo waje ba, mutanen Shanga na ƙofar gidanka da ruɓaɓɓun gurori.

Ni na yi. Shekarun ga duka kana amsar geza daga hannuna, ba ka taɓa tambayar abin da ya sa take ja ba. Ba ado ba ne. Jiƙo ne da ke hana ruwa cinta, a bakin ramin majema na tsinto dabarar, ina kallon yadda suke yi wa fata. Ta wannan karon da karan dafi kawai na rina ta. Na san ba ta kai kwana arba'in cikin ruwa.

Mutanen Shanga ba su yi mini komai ba. Na saƙa musu nagari, na kai da kaina. Gurar Ɗangana suke cewa yanzu. Na zaci zan ji sanyi, wallahi ban ji ba. Bakin da ya ɗauke sunan nake so ya mai da shi.

Abin da ake jiƙawa, da kwana nawa, ko Hasiya ba ta sani ba. Ka zo Warra ran kasuwa, ka tsaya bakin ruwa inda jirage ke sauke kaya, ka faɗi gaskiyar gurar nan kowa ya ji, in koya wa 'ya'yanka. In ka ƙi, da ni za a rufe shi.

Ka gaida Mansura. Mainasara ba zai kwance jirgi ba sai da amsarka. Tsakaninka da Allah, ɗan Inna, wa ya saƙa?

Yayanka, Ɗangana