Kara a Gaban Alƙali

'Yar nan,

Na leƙo na tarar kina barci, ban so in tashe ki ba. Na tafi ofishin lauyarki, in tare ta kafin ta wuce kotu.

Abin da na yi jiya ya hana ni sakat. Lauyar taki, baiwar Allah, ta ja min kunne cewa abin da aka tambaye ni kawai zan amsa. Da lauyan baban yara ya ce, "Mama, ya taɓa dukansu a gabanki?" ai "a'a" ta isa. Sai na ga surukin nawa ya sunkuyar da kai, bakina ya zarce: wai mutumin kirki ne, wai ke ma akwai zafin rai. Ina gani lauyansa ya rubuta. Ina gani kika kau da kai.

Wallahi ban saba yabon nawa a gaban mutane ba. Na manta kotu wurin ƙara ne, ba wurin kara ba, kuma riƙon yaranki ake magana.

Zan roƙe ta ta nemi alƙali ya sake kira na. Wannan karon zan faɗi wa ke kwana da ƙaramin a asibiti, wa kuma ke kashe waya.

Maganin tarinsa na kan firji, ki ba shi in ya karya. Ke ma ki sa wani abu a cikinki.

Ki yi fushinki, kin isa. Amma ke na haifa, ba shi ba.

Mamanki