Muryar Innarki Tana Hannun Jami'a

Panshekara, ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Badi'a,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sa albarka a karatun da ya kai ki nesa da gida. Yau na tashi da dama-dama. Gwiwoyin suna nan yadda kika san su, amma tarin ya ragu, har na taka da sanda zuwa masallaci. Sai dai in iska ta kwaso warin ruwan majemun Challawa, dole in rufe taga in zauna. 'Yar'uwarki Ladidi ta sauka lafiya, an samu mace, an mayar da sunan Innarki Mas'uda, Allah Ya jiƙanta. Ɗan'uwanki Salisu ya samu aiki a kamfanin roba a Sharada, sai Juma'a nake ganinsa. Ban da wannan, gidan shiru ne.

Maganar Abdulbaqi ce ta sa na ɗauki alƙalami, abokin karatunki da kika turo mana bara, mai yin digiri na uku a kan al'adun mutanen Afirka. Don ke muka karɓe shi. Ya ce yana tattara waƙoƙin matan da suka sayar da abinci a ƙofar masana'antu, kin kuwa san Innarki ta yi shekaru tana kai tuwo ƙofar masaƙar da na yi aiki a Bompai, a can ma na fara ganinta. Da ya fito da na'urarsa ta ɗaukar murya sai ya ce in ba su wuri, wai mace ba ta sakewa a gaban mijinta. Na ɗauki tabarmata na koma zaure. Ina jiyo muryarta sama-sama har da dariya, amma kalmomin ba su iso ni ba. Bayan tafiyarsa na tambaye ta, ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce ai har da ni a cikin waƙar, wata rana za ta rera mini. Matar da tun aurenmu ba ta taɓa kiran sunana ba. Allah bai nufa mun kai ranar ba.

Bayan sadakar arba'in na kira shi, na roƙe shi ya ba ni muryarta. Ya yi mini ta'aziyya mai kyau, sannan ya ce ƙa'idar jami'a ta hana. Wai abin da mutum ya faɗa musu amana ne, ba a ba kowa, ko da miji ne. Na karɓi uzurinsa, don na san nauyin amana. To, a ƙoƙarinsa na ba ni haƙuri sai ya ce in yi alfahari, ai ya saka waƙar a wani babban taro a otal, an yi ta tafi, har wata farfesa ta share hawaye. Badi'a, abin ya ba ni ƙyama. Baƙi cike da ɗaki, suna shan shayi, sun ji muryar matata, ni da na wanke mata ƙafa a ciwonta na ƙarshe ni ne ba a yarda da ni ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ce a cikin kundinsa ya sauya mata suna zuwa Binta don kare ta, ya kira ta tsohuwa marar karatu daga gefen gari, matar da ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa. Kare ta daga wa? Ya kuma ce binciken ya nuna waƙar kuka ce a ɓoye, irin wadda matan ma'aikata ke yi a kan mazajensu. Tun da ya faɗi haka ban samu sukuni ba. Ni dariya na jiyo daga zaure. Ko na yi mata wani laifin da ban sani ba ne? Ni ma na yi makaranta, ban taɓa jin ilimin da ke shiga tsakanin mutum da mamacinsa ya ce kulawa yake yi ba. In haka ake koya muku, ki duba wa kanki.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki yi masa magana, ko shi ko malaminsa. Ba na neman a bar mini, sau ɗaya zan saurara. Ko zagina ta yi, ina so in ji shi da muryarta kafin nawa lokacin ya zo. Da na matsa masa ya ce zai zo yau da na'urar, mu ji tare ya koma da abinsa, amma ban saki jiki da alkawarin nasa ba.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, haka Ladidi da Salisu. Ki gaida mai gidanki Jamilu, ki shafa mini kan Amina.

Baffanki,
Labaran.

Ƙari: an yi La'asar, ga shi ana kiran Magariba, bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Tun safe na shimfiɗa tabarma a zaure, daidai inda na jira wancan karon. Ina nan a kanta.