Mijina ya rasu, amma yana waƙa a fim ɗin ƙanwata

Anti Kaltume, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya ma wannan magana. Ban yi nisa a karatu ba, ki yi haƙuri da rubutuna. Sunayen ma na sauya su.

Ina zaune a Dingyadi. Mijina Badaru manomin albasa ne, Allah ya yi mishi rasuwa bara da damina. Zazzaɓi ne, bai yi doguwar jinya ba. Ina da ƙanwa, Safinatu, ita ce ta yi boko a gidanmu. Aikinta ɗaukar fim, amma ba na wasan kwaikwayo ba, mutane take bi da kyamara tana ɗaukar rayuwarsu yadda take. Ta ajiye aikin gidan talabijin don ta ci gashin kanta, wannan ne fim ɗinta na farko. Ta bi manoman albasa daga nan har Mandera, tun daga yafa iri har zuba ta a rumbu. Badaru ya fi kowa fitowa, don shi mai barkwanci ne, yana ban ruwa yana waƙa, yana tsokanarta wai ta ɗauko shi ta gefen da ya fi kyau.

Yanzu an gayyace ta ta nuna fim ɗin a Abuja, ta ce a irin wurin nan ake samun masu ba da aiki. Sai Inna, uwar mijina, ta ji labari. Ta kira ni tana kuka, ta ce ta ji ana faɗin duk sa'ad da anka kalli mamaci yana motsi yana waƙa, ana tayar mishi da hankali a kabari, zunubin masu kallo kuma yana hawa kanshi. Ta ce in ina ƙaunarshi in sa a goge.

Safinatu ta ce magana tana hannuna, in na ce a goge za ta goge a gabana, amma in an cire Badaru babu sauran fim. Ba ta yi kuka ba, amma na san ƙanwata.

Anti, ni ban kalla ba. Ko na'urarta ta ajiye kusa da ni sai in matsa. Ina tsoron in zama sanadin wahalar mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ina tsoron in karya yarinyar nan. Akwai kuma abin da ban gaya ma kowa ba: na fara manta muryarshi. Ina lalubar yadda yake sallama in ya dawo daga fadama, sai ta ƙi zo mini. Mi zan yi?

Matar marigayi, Dingyadi

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan Badaru, ya haskaka kabarinsa, ya ba ku haƙuri.

Da farko, kada a goge komai yanzu. Abin da aka ajiye ana iya goge shi gobe, wanda aka goge kuwa ba ya dawowa.

Ni ba malama ba ce, amma a iya karatuna ban taɓa cin karo da cewa kallon hoton mamaci yana cutar da shi a kabari ba. Kada ki tsaya a maganata, kada kuma ki tsaya a kan "an ce". Ki roƙi Inna ta zaɓi malamin da ta yarda da iliminsa, ku je tare, ta ji amsa da kunnenta. Ba gaba take yi da ku ba. Uwa ce da ta binne ɗanta, tana neman abin da za ta iya yi masa.

Ki tuna kuma Badaru da ransa da hankalinsa ya tsaya gaban kyamarar, wannan yardar tana da nauyi. In waƙar ce malam ya ƙi, masu wannan sana'a sun iya yanke wani wuri su bar sauran.

Safinatu ta kyauta da ta nemi izininki, sai dai ta ɗora miki kayan da ba naki ke kaɗai ba. Ta je da kanta ta durƙusa gaban Inna ta yi mata bayani. Duk wanda za ta ɗauka a rayuwarta yana da uwa da dangi, lallashinsu ma yana cikin aikin. In tafiya Abuja ta matso ba a daidaita ba, ta nemi a ɗaga mata.

Ke kuma, ba za ki yanke hukunci kan abin da ba ki gani ba. Ki zauna da rana, ƙanwarki a gefenki, ki kalla, inda ya yi miki nauyi ki ce ta tsayar. Za ki yi kuka, hawayenki kuwa ba zai cutar da shi ba. In kin gama ki yi alwala ki yi masa addu'a, ita ce muka tabbata tana isa gare shi.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya haɗa kanku a kan alheri.

Anti Kaltume